Sassaben Zamani a Maraɗi: Yadda Manomi, Malamin Daji da Makiyayi Suka Maido da Itace Gona

A ƙasar Maraɗi, idan bazara ta kama, zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, aikin farko da ke gaban manomi shi ne sassabe. Yakan ɗauki gatari da adda ya bi gonarsa lungu-lungu, ya sare duk wani toho na sabara ko kalgo ko geza da ya fito tun bayan girbin bara, ya tara shi wuri guda ya cinna masa wuta, har gona ta yi fes kamar tsakar gida. Shekaru 40 da suka wuce, da wannan ake gane manomin kirki, kuma wanda ya bar ƙirare tsaye a gonarsa sai a kira shi rago. Wannan nazari ya shafi yadda aka sauya fasalin wannan aiki guda ɗaya a kudancin Nijar, da abin da sauyin ya rage na talauci, da kuma hannaye daban-daban da sai da suka haɗu kafin ya yiwu.

Kafin a gane abin da aka gyara, dole a san yadda ƙasar ta tsiraice. Tun zamanin Faransawa aka tura manoman Maraɗi da Damagaram ga noman gyada domin biyan haraji, aka faɗaɗa gonaki, aka daina barin sabra ta huta. Malaman gona na gwamnati da na manyan ayyukan raya karkara sun yi shekaru suna koyar da cewa gonar zamani ita ce wadda aka tumɓuke kututturanta domin garmar shanu ta wuce ba tuntuɓe. Jama'a kuma na ta ƙaruwa: ƙasar da ke da mutane kimanin miliyan 3 a 1960 ta kai miliyan 17 a ƙidayar 2012, jihar Maraɗi kaɗai tana da wajen miliyan 3.4 a cikinsu. Sai fari ya zo ya ƙarasa aikin, na farko daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, na biyu a 1984. Iskar farkon damina ta riƙa bi ta kan jigawa ba abin da ke tare ta, tana binne tsiron hatsi da rairayi ko ta yanke shi, har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a shekara guda, ya ƙarar da irinsa tun damina ba ta zauna ba. Mata kuwa, da itacen girki ya yi nisa, suka koma ƙona kara da kashin shanu, wato takin da ya kamata ya koma gona ya ƙare a murhu.

Akwai wani dalili da ya fi waɗannan ɓoyewa, kuma a ganina shi ne jigon lamarin. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa wa ƙasashen yammacin Afirka a 1935, wadda dokar Nijar ta 1974 ta gaji ruhinta, ta sanya itatuwa masu daraja irin su gawo a ƙarƙashin kariyar hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomi ba shi da ikon sare reshe sai da takardar izini, kuma idan malamin daji ya tarar da sabon sara, mai gona ake ci tara ko da wani ne ya yi ɓarnar da dare. An yi dokar ne domin a kare itace, amma abin da ta koya wa talaka shi ne cewa itace a gona fitina ce. Hanyar tsira ita ce a sare toho tun yana ƙarami, kafin ya girma ya zama na gwamnati. Don haka ma'aikatar da aka ɗora wa tsaron daji da manomin da ke kwana da tashi a cikinsa suka zama kamar kura da akuya, kowa na kaffa-kaffa da ɗan'uwansa.

Maganin da hukuma da masu ba da agaji suka fara kawowa shi ne dashe. An kafa wuraren renon itatuwa, an raba dashen dogon yaro da na itacen turare a cikin leda, an yi bukukuwan dashen itace. A wasu wurare abin ya kama, misali jerin dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya ta jihar Tawa a 1975 domin tare iska. Amma a mafi yawan gonakin jigawa dashen ya mutu, domin ɗan itacen da aka reno a inuwa ba ya jure rani na wata takwas, ga awaki, ga gara, ga kuma rashin mai shi. Wanda aka ce ya dasa bai ga dalilin ɗaukar ruwa daga rijiya mai gaba da yawa ya shayar da abin da ba zai mallaka ba.

A cikin masu wannan dashe akwai Tony Rinaudo, masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya, wanda ya zo Maraɗi a 1981 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta SIM. Kamar yadda ya sha ba da labari, a 1983 ya tsaya a hanyar ƙauye yana rage iskar tayoyin motarsa saboda rairayi, sai ya dubi wani ɗan kurmi a bakin hanya, ya lura cewa ganyensa na babban itace ne da aka sare, kututturen yana raye yana ta toho. A ƙarƙashin gonakin da ake gani fayau akwai saiwoyi masu shekaru, sun riga sun kai ga danshi, kowace shekara suna turo rassa, kowace bazara kuma ana sare su. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: manoma sun fi shi sanin waɗannan kututtura, su ne ke fama da su kullum, kuma barin gawo a gona tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Abin da ya ƙara shi ne ya ɗauki abin da kowa ke gani a matsayin datti ya mai da shi tsarin aiki, sannan ya nace a kansa.

Aikin kansa ba shi da wuya. Manomi ya zo kan kututturen kalgo mai toho 20 ko fiye, duk sirara, suna gasar ruwa da haske. Sai ya zaɓi waɗanda suka fi miƙewa da ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya sare sauran. Waɗanda ya bari kuma ya rage musu ƙananan rassa har zuwa kusan rabin tsayinsu, yana sara daga ƙasa zuwa sama da kaifin adda domin kada ɓawo ya yage. Wani yakan ɗaura tsumma a jiki, alamar cewa wannan yana da mai shi. Tun da saiwar ta daɗe a ƙasa, duk ƙarfinta sai ya tattaru a kan 'yan rassan nan, a shekara biyu ko uku su wuce tsayin mutum. Kowace shekara ana iya cire ɗaya a yi girki ko a sayar, a bar sabon toho ya maye gurbinsa. Ba a sayen iri, ba a ban ruwa, ba a buƙatar kayan aikin da babu su a gidan manomi. Wannan ne mutanen yankin suka raɗa wa suna sassaben zamani.

Duk da sauƙinsa, 'yan manoman da suka fara gwadawa, waɗanda ba su wuce goma sha ba, sun sha dariya, kuma an bi dare an sare musu abin da suka reno. Yunwar 1984 ce ta buɗe ƙofa, wadda a Nijar ake kira El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari, lokacin da hanyar hatsi da ta ci-rani suka toshe a tare. A watan Mayu na shekarar gwamnatin Seyni Kountché ta kira babban taron ƙasa a birnin Maraɗi a kan yaƙi da hamada, abin da ya ba maganar itace nauyi a idon hukuma. Shirin SIM kuma ya haɗa rabon abinci da sharaɗin renon toho a ƙauyuka kusan 100, aka bar itatuwa wajen 500,000 a gonaki. Da yunwa ta wuce aka daina rabon, sai manoma suka sare kimanin kashi biyu cikin uku.

Ana iya karanta wannan a matsayin faɗuwa, kuma ta wata fuska faɗuwar ce, domin ta nuna cewa abin da aka saya da buhun hatsi yana ƙarewa ranar da buhun ya ƙare. Amma kashi ɗayan da ya rage ya yi aikin da wa'azin malamin gona bai yi ba. Maƙwabci ya ga hatsin da ke kusa da itace bai mutu ba, ya ga iska ba ta binne shukar ba, ya ga matar gidan tana ɗebo itace a gonar mijinta, ya ga an kai dami kasuwa an dawo da kuɗi. Gani ya kori ji. Waɗanda suka sare ma sun ɗanɗana kuɗin itacen, kututturan kuma suna nan, don haka da yawansu suka koma da kansu.

A nan ne haɗa hannu ya zama tilas, domin manomi shi kaɗai ba zai iya kare abin da ya reno ba. Mataki na farko ya fito ne daga ma'aikatan gandun daji na Maraɗi, waɗanda aka shawo kansu suka sassauta aiwatar da doka, suka yarda wanda ya reni itace a gonarsa ya amfana da shi ba tare da tara ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ma'aikacin da ikonsa da kwarjininsa, wani lokaci har da abin sa wa a aljihu, suka dogara ga tarar. Daga baya yanayin ƙasa ya ƙara tura lamarin: faɗuwar farashin yuraniyom ta talauta baitulmali, taron ƙasa na 1991 ya rage tsoron kaki, malamin daji ya rage zuwa ƙauye, kuma mutane suka fara ɗaukar itacen gonarsu a matsayin nasu tun kafin takarda ta faɗi haka. Doka ta biyo sawu a hankali. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya amince da haƙƙin gona na gargajiya ya kuma kafa kwamitocin filaye, dokar gandun daji ta 2004 ta ƙara matsowa, sannan a 2020 aka fitar da wata doka ta musamman a kan renon toho wadda ta tabbatar wa manomi amfanin itacen da ya reno.

Mataki na biyu ya fi wuya, domin ya shafi zaman tare. Bayan girbi gonaki na buɗewa ga dabbobi, makiyayi kuma idan rani ya yi tsanani yakan hau gawo ya sassaro rassa wa garkensa, kamar yadda ya gada. Ga mai gona wannan ɓarna ce, ga makiyayi kuwa haƙƙi ne, musamman da yake gonaki sun cinye burtali da makiyaya. Jihar Maraɗi ta san inda irin wannan saɓani ke kaiwa, domin a Toda, a watan Oktoba na 1991, an kashe Fulani fiye da 100, yawancinsu mata da yara. A gundumar Agiye, inda asusun raya aikin gona na duniya, IFAD, ya tallafa wa wani shiri na tsawon shekaru, ƙauyuka irin su Ɗan Saga sun kafa kwamitocin sa ido da suka haɗa maza da mata da wakilan makiyaya. Su suka tsara ƙa'idojin sara da kiwo, suna zagaya gonaki, suna kai mai laifi gaban mai gari, malamin daji kuma ya koma mai mara wa hukuncinsu baya da koyar da yadda ake rage reshe ba tare da an kashe itace ba. Sanya makiyayi cikin kwamiti shi ne hikimar tsarin, domin dokar da aka yi ba ya nan ba za ta bi shi daji ba, alhali shi ma yana da riba: 'ya'yan gawo da na kalgo abinci ne ga dabba a lokacin da ciyawa ta ƙare, dabbar da ta kwanta a inuwa kuma tana bar wa mai gona taki.

Gawo ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ne itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, saboda haka ba ya yi wa hatsi inuwa a lokacin da hatsi ke son rana, ganyen da ya zubar ya zama taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gonar jigawa a watan Agusta ya ga yadda hatsin gindin gawo ke fin na fili duhu da kauri. Ana ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare shi. A gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya, gawo ya sake rufe fili mai faɗin kusan hekta miliyan 1, kuma mafi yawan wannan ya faru ne daga manomi zuwa manomi, ta hanyar kasuwa da zumunci da 'yan ci-rani da rediyo, ba tare da wani babban shiri ya bi gona-gona ba.

Abin mamaki, an yi kusan shekaru 20 ana wannan aiki ba tare da Yamai ko ƙasashen waje sun san girmansa ba, domin ma'aikatu suna ƙirga itacen da aka dasa ne, wanda ya toho da kansa ba shi da gurbi a rahoto. Sai a tsakiyar shekarun 2000 masana daga fannoni dabam-dabam suka haɗu: Mahamane Larwanou da abokan aikinsa na Nijar masu ilimin itatuwa, Chris Reij ɗan ƙasar Holan mai nazarin yadda manoman Sahel ke sarrafa ƙasa, da Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, wanda ya kwatanta hotunan jirgin sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam. Kowannensu shi kaɗai da ya ga ɓangare ne kawai. Da aka haɗa hoto daga sama da ƙirga a ƙasa da hira da manoma, sai aka kai ga kiyasin cewa itace ya dawo a gonaki hekta miliyan 5, itatuwa kimanin miliyan 200. Sun kuma kiyasta ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara, abin da zai ciyar da mutum miliyan 2.5. Wannan adadi na ƙarshe lissafi ne da aka gina a kan matsakaicin ƙarin amfanin hekta guda, ba awon rumbu-rumbu ba ne, kuma ya kamata a riƙe shi a haka. Wasu sun ce dawowar ruwan sama bayan shekarun fari ce ta kawo koren. Ruwa ya taimaka, amma hotunan bakin iyaka sun nuna wurare da gonakin ɓangaren Nijar suka fi na ɓangaren Najeriya yawan itace, alhali ƙasa ɗaya ce, ruwa ɗaya, mutanen ma dangin juna ne.

Game da talauci kai tsaye, wani bincike da aka wallafa a 2011 a kan gidajen jihar Maraɗi ya gano cewa kashi 26 cikin 100 na gidajen suna yin cikakken aikin, wato ragewa da karewa, kuma ya kiyasta cewa hakan na ƙara wa jihar kuɗin shiga tsakanin dalar Amurka miliyan 17 zuwa 21 a shekara. Idan aka raba wa miliyoyin mutane ba dukiya ba ce. Darajarsa tana cikin lokacin da yake zuwa. A watannin da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai nuna ba, magidancin da ke da itace yana iya sare reshe biyu ya kai kasuwa ya auno tiya, maimakon ya sayar da akuyar ƙarshe ko ya ci bashin da zai biya da hatsi a farashin kaka. A Mirya mata na samun kuɗi daga ganyen kuka, wasu daga magarya da aduwa, kuma a wasu ƙauyukan Damagaram masu bincike sun ruwaito cewa neman itacen girki ya sauko daga kusan awa 2 da rabi a rana zuwa rabin awa.

Sai dai shekarar 2005 ta nuna iyakar abin. Bayan ɓarnar fara da ƙarancin ruwa na 2004, farashin hatsi ya yi tashin gwauron zabo, 'yan kasuwa suka bi farashi mai tsoka zuwa kasuwannin Najeriya, kuma jihar Maraɗi, wadda ake kira rumbun ƙasa, wadda kuma ita ce mahaifar sassaben zamani, ta zama cibiyar tamowar yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar. Masu bincike sun ruwaito cewa ƙauyuka masu itace sun fi jurewa, domin suna da abin sayarwa da ganyen ci, kuma na yarda da haka. Amma itace ba ya maganin zazzaɓin cizon sauro, ba ya biyan kuɗin asibiti, ba ya daidaita farashi. Haɗin gwiwar da ta yi nasara ta tsaya ne a tsakanin gona da daji da kiwo da doka, ba ta kai ga lafiya da kasuwar hatsi ba. Gwamnati ta soke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 a 2006, daga baya kuma a zamanin Mahamadou Issoufou aka kafa shirin 3N, mai taken 'yan Nijar su ciyar da 'yan Nijar, da hukuma guda mai haɗa ayyukan ma'aikatu a kan abinci da gina jiki.

Akwai kuma waɗanda tsarin bai kai gare su ba tun daga tushe, domin sassaben zamani na mai gona ne. A kudancin Maraɗi, inda gado ya yayyanka gandu har wani magidanci ba ya da hekta guda, mata da yawa sun rasa gamanar da a da miji ke ba su su noma abin kansu, kuma macen da ba ta da fili ba ta da kututturen da za ta reno. Haka wanda ke noma gonar aro ko ta jingina: idan ya reni itace, mai gona na iya ɗaukar hakan a matsayin neman kafa hujjar mallaka ya karɓe gonarsa, idan kuma bai karɓe ba, ranar da aka fanshi gonar itatuwan sun tafi da ita. Don haka irin wannan manomi yakan ci gaba da sassabe irin na da, yana sane da abin da yake asara. Kwamitocin filaye da dokar 1993 ta kafa suna da ikon rubuta yarjejeniyar aro da jingina, har a ambaci wanda zai ci amfanin itacen da aka reno a tsawon wa'adin, amma a ƙauyuka da yawa har yanzu ana yin wannan ciniki ne da baki, a gaban shaidu biyu ko uku, kuma maganar itace ba ta shiga ciki.